Sana'ar Sanya wa Katakon Shinge Magani a Birtaniya: Yadda Take da Dalilin da Ya Sa Doka Ta Sa Mata Ido

Duk wanda ya leƙa bayan gidajen jama'a a Birtaniya zai tarar cewa galibi shingen katako ne ke raba maƙwabci da maƙwabci, a wurin da mu a nan za mu tayar da katangar bulo. Fallaye ne da aka harhaɗa da siraran katakai, faɗin kowanne ƙafa 6, wato mita 1.83, a jera su tsakanin dirkoki. A Ingila mai gida na iya kafa irin wannan shinge har tsayin mita 2 ba tare da neman izinin ƙaramar hukuma ba, sai dai in a bakin titin mota yake, inda iyakar ta koma mita 1.

Ƙasar kuwa mai yawan ruwan sama ce da danshi, kuma katakon da ake yin shingen da shi mai taushi ne. In aka bar shi yadda yake, cikin 'yan shekaru zai ruɓe. Daga nan ne wata ƙaramar sana'a ta samo asali: sanya wa katako maganin da zai hana shi lalacewa. A ido sana'a ce ta bokiti da burushi. Amma abin da mai ita ke sayarwa alƙawari ne na shekarun da shingen zai yi a tsaye, alƙawarin da mai saye ba shi da hanyar tabbatarwa ranar ciniki. Abin da ke cika alƙawarin kuma guba ne. Waɗannan abubuwa biyu su ne ke bayyana duk yadda sana'ar take, da dalilin da ya sa hukumomi suka shafe shekaru suna bin sawunta.

Me ke cin katakon?

Babban abokin gabar katako a Birtaniya shi ne dangin funfuna da ke rayuwa a cikin itace mai laima, suna cinye ƙarfinsa daga ciki. Ba sa samun wurin zama sai danshin da ke cikin katakon ya haura kimanin kashi 20 cikin 100. Shi ya sa ɓarnar ta fi tsanani a daidai inda dirka ta haɗu da ƙasa, domin a nan ne ruwa da iska ke haɗuwa. Sau da yawa shingen da guguwar hunturu ta kayar, in aka duba, a gindi dirkarsa ta karye alhali samanta lafiya lau.

Gara kuwa kusan babu ita a ƙasar. An taɓa gano wani gidanta a ƙauyen Saunton da ke yankin Devon a 1994, aka yi ta fama da shi har zuwa 2021 kafin hukumomi su bayyana cewa an kawar da shi.

Irin itacen ma yana da tasiri. Birtaniya na shigo da wajen kashi 80 cikin 100 na katakon da take amfani da shi, kuma a dazuzzukan kasuwancinta babu itacen da ya kai sufurus yawa. Sufurus na da taurin kai wajen shan magani, ba kamar ɓangaren wajen itacen fayin ba, wanda ke tsotsewa cikin sauƙi. Saboda haka masu aikin ƙwarai kan bi jikin dirkar sufurus da ƙananan tsage-tsage na inji kafin a sa mata magani, domin ya samu hanyar shiga.

Matakai uku na sana'ar

Mataki na farko shi ne na mai yawo gida-gida. Jarinsa ƙaramar motar ɗaukar kaya, burushi, injin feshi, ledar rufe shuke-shuke da kayan kariyar jiki. Aikinsa ya wanke shingen da ke tsaye, ya kankare gansakuka, ya bar shi ya bushe, sannan ya shafa magani da launi. Irin wannan shafi a fatar katako kawai yake tsayawa, don haka sai an riƙa maimaitawa bayan ɗan lokaci. Wannan maimaitawar ita ce ke riƙe masa abokan ciniki.

Mataki na biyu shi ne na mai shagon kafinta da ke harhaɗa fallayen da kansa, ya tsoma su cikin dogon tankin magani na ɗan lokaci, ya ɗaga su su tsane. Tsomawa ta fi shafi game jiki, tana shiga lungunan da burushi ba ya kaiwa, amma ita ma ba ta yin zurfi. Fallaye masu araha da ake gani a manyan shagunan kayan gini, masu launin ruwan zuma, akasari ta wannan hanya aka bi da su.

Mataki na uku shi ne na tukunyar matsi. Doguwar tukunya ce ta ƙarfe da ake tura katako cikinta a kan amalanke, a rufe ruf. Da farko inji zai zuƙe iskar da ke cikin tukunyar da ta cikin ƙofofin katakon. Sai a cika ta da ruwan magani, a matsa shi da ƙarfin da ya ninka matsin iskar sarari wajen sau goma ko fiye, har ya kutsa cikin itacen. Daga nan a janye ragowar ruwan, a sake zuƙe iska domin a tsane abin da ya yi saura, a fitar da katakon a ajiye shi kan daɓen da ba ya yoyo har ya daina ɗiga. Sharaɗin nasarar aikin shi ne katakon ya bushe tukuna, danshinsa ya sauka ƙasa da kimanin kashi 28 cikin 100. Itacen da cikinsa ke cike da ruwa ba shi da gurbin karɓar magani, komai ƙarfin matsin.

Tukunyar na da tsadar da ta fi ƙarfin mafi yawan masu ƙaramin jari. Abin da da yawansu ke yi shi ne su kai katakonsu masana'antar da ke da ita a yi masu aikin a biya, ko su sayi wanda aka riga aka sa wa magani su harhaɗa.

Tarihin magungunan

Sana'ar ta girma ne tare da jirgin ƙasa, wanda ya buƙaci ɗimbin katakon shimfiɗa a ƙarƙashin dogo. A 1832 John Howard Kyan ya yi rajistar hanyar jiƙa katako da wani gishirin sinadarin makyuri. A 1838 John Bethell ya yi rajistar hanyar cusa man kwaltar gawayi cikin katako da ƙarfin matsi, kuma tsarinsa ne tushen abin da ake yi a tukunya har yau. Wannan baƙin mai mai wari, wanda ake kira kiriyosot, ya zama abin da kusan kowane magidanci a Birtaniya ke shafa wa shingensa na tsawon zamani.

A 1933 wani masanin kimiyya ɗan Indiya, Sonti Kamesam, ya haɗa maganin da aka sani da CCA daga sinadarai uku: jan ƙarfe mai kashe funfuna, asinik mai kashe ƙwari, da kuromiyam mai ɗaure su a jikin itace. Maganin ya yi aiki matuƙa, ya mamaye duniya, har katakon wuraren wasan yara da shi ake yi.

Daga baya ne aka fara lissafin abin da wannan nasara ta ci. Cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sanya asinik da nau'in kuromiyam da ke cikin ruwan CCA a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Kiriyosot kuma ta sanya shi a rukunin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasawa. A 2003 aka haramta sayar wa jama'ar gari kiriyosot a Birtaniya da sauran ƙasashen Tarayyar Turai, aka bar shi ga masana'antu da ƙwararru kaɗai, aka kuma hana amfani da katakon da aka sa wa shi a wuraren wasan yara da wuraren da fata za ta riƙa yawan taɓa shi. A ƙarshen wannan shekara masana'antun Amurka suka daina sa CCA a katakon gidajen zama, bisa yarjejeniya da hukumar kare muhallin ƙasar. Tarayyar Turai ta taƙaita shi daga tsakiyar 2004. Daga watan Afrilun 2023 kuma Tarayyar ta ƙara matse kiriyosot, ta bar shi ga katakon dogo da turakun lantarki da na waya kawai.

Wasu magungunan biyu da aka daɗe ana sa wa katako, lindan da fentakulorofinol, sun shiga jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta ce a kawar da su daga duniya, na farko a 2009, na biyu a 2015, saboda ba sa narkewa a muhalli kuma suna taruwa a jikin mutum da dabba.

Abin da ya maye gurbinsu a tukunya yau shi ne haɗin jan ƙarfe da wasu magungunan kashe funfuna, irin wanda ake sayarwa da sunan Tanalith E. Jan ƙarfen ne ke ba katakon launin kore-koren da ake gani. Sun fi na dā sauƙin haɗari ga mutum, amma jan ƙarfe guba ne ga kifi da sauran halittun ruwa. Haka ma famatirin, maganin ƙwarin da ke cikin wasu ruwan shafi, yana kashe kifi da ƙudan zuma, yana kuma cutar da kyanwa.

Inda ha'inci ke ɓuya

Launi ba shaida ba ne. Katakon da aka tsoma na minti kaɗan da wanda ya sha matsi na sa'o'i na iya fitowa da kama ɗaya, musamman in an zuba rini a cikin ruwan. Sayen irin wannan kaya cinikin biri a sama ne, in babu ma'aunin da kowa ya yarda da shi.

Ma'aunin shi ne rukunan amfani guda biyar da ƙa'idojin BS EN 335 da BS 8417 suka shimfiɗa. Rukuni na 1 na katakon cikin ɗaki ne da ba ya jiƙewa. Na 2 na cikin gini ne da kan iya samun laima, kamar katakon rufi. Na 3 na waje ne wanda bai taɓa ƙasa ba, kuma nan fallen shinge ya faɗo. Na 4 na wanda ke binne a ƙasa ne ko cikin ruwan daɗi, wato dirka. Na 5 na cikin ruwan teku ne. Kowane rukuni na da adadin maganin da ya kamata ya zauna a cikin itacen da zurfin da ya kamata ya kai, gwargwadon shekarun da ake so ya yi, 15 ko 30 ko 60.

Bayan janye CCA, manoma da masu kafa shinge a Birtaniya sun yi ta ƙorafin cewa dirkoki na karyewa tun ba su yi rabin wa'adinsu ba. Wani ɓangare na matsalar shi ne sababbin magungunan ba sa yafe sakaci kamar na dā. Katakon da ba a bari ya bushe ba, ko aka gajarta masa lokacin matsi, ko aka sa masa maganin rukuni na 3 aka sayar da shi a matsayin dirka, duk zai tona asirin kansa, amma sai bayan shekaru, lokacin da kuɗi ya daɗe da shiga aljihu. Wannan ya sa ƙungiyar masu sana'ar kare katako ta ƙasar, WPA, ta shiga gangamin wayar da kan masu saye cewa duk katakon da zai taɓa ƙasa su tabbatar na rukuni na 4 ne, kuma a rubuta haka a takardar ciniki.

Akwai hanyar gwaji. In aka yanke dirka aka fesa wa bakin yankan wani ruwan gwaji, duk inda jan ƙarfe ya kai zai koma shuɗi, a ga zurfin da ido. Wannan yankan ma darasi ne ga mai sana'a: duk inda aka sa zarto ko aka huda katakon da ya sha magani, an buɗe cikinsa da ba shi da kariya, dole a bi wurin da burushi, kuma ba a binne ɓangaren da aka yanke a ƙasa.

Wani ruɗanin kuma yana kan gwangwani. Da yawa daga fentin shingen da ke kan kanta launi ne da abin korar ruwa kawai, ba su da maganin kashe funfuna. A Birtaniya duk ruwan da ke iƙirarin kare katako daga ruɓewa ko ƙwari sai ya sami amincewar hukumar lafiya da kariyar ma'aikata, HSE, kuma lambar amincewar na jikin gwangwanin. Mai sana'ar da ya shafa fenti ya karɓi kuɗin magani ya saɓa wa dokar haƙƙin masu saye ta 2015, wadda ta wajabta kaya su dace da yadda aka siffanta su, aiki kuma a yi shi da kulawa da ƙwarewa.

Abin da doka ke nema daga mai ƙaramin jari

Buɗe sana'ar ba shi da wuya. Wanda cinikinsa ya wuce fam 1,000 a shekara zai yi rajista da hukumar haraji ta HMRC a matsayin mai zaman kansa. Rajistar harajin VAT ba ta zama dole sai ciniki ya haura fam 90,000 a shekara, iyakar da aka sa a Afrilun 2024. Da zarar ya ɗauki ma'aikaci kuwa, dokar 1969 ta tilasta masa yin inshorar da za ta biya diyya in aikin ya raunata ma'aikacin ko ya sa masa ciwo, kuma ba za ta gaza fam miliyan 5 ba.

Nauyin gaske na wajen sinadarai. Ƙa'idojin 2002 kan abubuwa masu cutar da lafiya a wurin aiki sun ɗora wa mai sana'a alhakin auna haɗarin kowane magani, ya rage cuɗanyar ma'aikaci da shi, ya samar da safar hannu da takalmi da abin rufe hanci, ya kuma horar da shi. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani doka ne: maganin da aka amince a shafa da burushi ba a fesa shi, wanda aka keɓe wa masana'anta ba a kai shi gidan mutane. Tankin tsomawa ana kewaye shi da ɗan gini mai tare ruwa, domin in ya fashe kada ya bi magudana. Barin magani ya gangara rafi laifi ne da hukumar muhalli ke gurfanar da mutum a kansa. Masana'antar da ke iya sa wa katako fiye da mita kubik 75 magani a rana sai da lasisin muhalli na musamman.

Sharar aikin ma tana da ƙa'ida. Mai kwashe tsohon shinge daga gidajen mutane sai ya yi rajistar ɗaukar shara. Katakon dogo da turakun da suka sha kiriyosot ana lissafa su cikin shara mai haɗari. Ba a ƙona katako mai magani a murhu ko wurin gashi, musamman tsohon mai CCA, domin asinik na fita cikin hayaƙi, ragowar kuma ta taru a toka.

Riba da asara

Sana'a ce ta yanayi. Guguwar hunturu kan kayar da shingaye, oda ta yi yawa a farkon bazara, amma shafi ba ya yiwuwa a kan jiƙaƙƙen katako ko ranar da hadari ya haɗo. Mai yawo gida-gida na iya rasa mako guda cur saboda ruwa, alhali kuɗin mota da inshora ba sa jira. Feshi ya fi burushi sauri, amma iska na iya kai shi kan motar maƙwabci ko tafkin kifinsa, ribar wata ta tafi a biyan diyya.

Gasar farashi kuwa da manyan shaguna ake yin ta, kuma ƙaramin mai sana'a ba zai iya karya su ba. Hanyoyi biyu ne a gabansa. Ko dai ya rage wa aiki inganci ta inda ido ba ya gani, ko ya sayar da abin da babban shago ba ya bayarwa: takardar da ta faɗi sunan maganin da rukuninsa, da shawarar a sa faifan kankare ko katakon rukuni na 4 a ƙasan falle domin kada ya taɓa ƙasa, da kuma dawowa in aikin ya gaza. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Dirkar da ta karye a shekara ta biyar maimakon ta goma sha biyar ta sa an sare itace uku a inda ɗaya zai isa, kuma mai gida ne ya biya.

Ina ya shafe mu?

Ba mu cika yin shingen katako ba, danga da zana da bulo muka sani. Amma matsalar iri ɗaya ce a saman kowane gida mai rufin kwano, kuma abokiyar gabarmu, gara, ta fi funfuna saurin ɓarna. Magina na dā sun kauce mata ta hanyar zaɓen itace: azarar giginya da itacen ƙirya gara ba ta cika iya masu ba. Yau kuwa kasuwannin katako irin na Na'ibawa a Kano da Dei-Dei a Abuja na sayar da nau'o'i daban-daban, ciki har da masu taushi irin su obece da afara, waɗanda ba sa jure ƙwari sai da magani.

Abin da aka saba gani a wuraren gini shi ne a shafe katakon rufi da baƙin man da aka juye daga inji, wani lokaci a gauraya shi da maganin ƙwari, yaron kafinta na shafawa da hannu ba safa. Wannan mai na ɗauke da ƙarafa masu guba da kuma dangin sinadaran da suka sa aka taƙaita kiriyosot a Turai. Ragowarsa a ƙasa take ƙarewa, guntayen katakon kuma sau da yawa a murhu.

Ba a rasa hukumomi ba. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Stockholm. NAFDAC ce ke rajistar magungunan ƙwari, NESREA da aka kafa a 2007 ke da alhakin tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, akwai kuma Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa a Ibadan. Abin da labarin Birtaniya ke nunawa shi ne haramta guba kaɗai bai wadatar ba. Sai da aka haɗa da ma'aunin da mai saye zai iya nema a rubuce, da lamba a jikin gwangwani, da inshorar da ke kare ma'aikaci, kuma duk da haka ba a daina kama masu ha'inci ba.

Kafin irin wannan tsari ya kankama a nan, mai gini na da tambayoyi uku da zai iya yi wa kafintansa tun katako na ƙasa: wane magani ne wannan, akwai lambar NAFDAC a jikin mazubinsa, kuma ina za a kai abin da ya rage?